Idan Manhajar da Ka Rubuta Ta Ƙi Aiki a Shagon Mai Ita: Shawara ga Matasan Haɗejia

Matasa da dama a ƙasar Haɗejia sun fara cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta. Wasu sun koyo a Kwalejin Binyaminu Usman da ke cikin gari, wasu a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko makarantar kwamfuta ta Kazaure, wasu kuwa da wayarsu da ɗan datarsu suka koya wa kansu. Abin ƙarfafa gwiwa ne a ce ɗan garin nan, Kashifu Inuwa Abdullahi, shi ke shugabantar hukumar NITDA tun 2019. Aikin kuma akwai shi: mai kantin magani yana son sanin abin da ya rage masa a kanta, makarantar kuɗi tana son fitar da sakamakon ɗalibai, mai injin casar shinkafa yana son lissafin buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita, dillalin taki yana son sanin manoman da yake bi bashi daga Auyo har Guri.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an miƙa aiki. Kwana biyu sai waya ta yi ƙara: "Malam, abin nan naka ya tsaya." Kai kuwa ka san a kwamfutarka lafiya ƙalau yake tafiya. Mafi yawan irin wannan matsala tushenta guda ne. Darussan da muka koya daga gare su an shirya su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, kwamfutoci kuma sababbi ne. Manhajarka kuwa a Haɗejia za ta zauna. Duk abin da ka ɗauka tabbatacce ne ba tare da ka gwada shi a nan ba, nan ne za ta karye.

Kafin ka taɓa kod

Abu na farko, kada ka fara gyara abin da ba ka gani ba. "Ya tsaya" ba bayani ba ne. Tambayi mai shago a natse: wane maɓalli yaronsa ya danna, wane suna ya shigar, nawa ne kuɗin, ƙarfe nawa, an ɗauke wuta kafin nan ko ba a ɗauke ba. Ka roƙe shi ya ɗauki hoton allon ya turo maka ta WhatsApp kafin ya rufe saƙon. Gani ya kori ji. Sannan ka maimaita matakan nan a wurinka har sai matsalar ta fito maka da kanka. Matsalar da ba ka iya fito da ita ba, ba ka da hanyar sanin ko ka gyara ta.

Na biyu, karanta saƙon kuskuren tun daga farko har ƙarshe. Da yawanmu da zarar mun ga dogon Turanci sai mu rufe shi, alhali a ciki aka rubuta sunan fayil da lambar layin da abin ya faru. A Python layin ƙarshe ne ke faɗin nau'in kuskuren. A Java da C# kuwa layin farko ne, na ƙasansa suna nuna hanyar da aka biyo. Daga layin nau'in kuskuren, nemi layi mafi kusa da ya ambaci fayil ɗin da kai ka rubuta, daga nan za ka fara.

Na uku, ka taƙaita wurin nema. Manomin rani a Auyo idan ruwa bai iso gonarsa ba, ba ya haƙe magudanar gaba ɗaya. Tsakiya yake zuwa ya duba: idan ruwa ya iso nan, to toshewar tana gaba, idan bai iso ba tana baya, haka har ya kai ga inda kachala ta cushe. Kai ma sa wurin tsayawa a tsakiyar aikin, ka duba ko bayanan suna daidai a nan, ka ci gaba da raba sauran biyu. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canjawa kafin kowane gwaji. Idan ka canja biyar a tare abin ya gyaru, ba ka san wanne ya yi magani ba, kuma mai yiwuwa sauran huɗun sun shuka wata sabuwar ɓarna.

Sunayenmu da haruffanmu

Gwada shigar da Sa'idu, Mu'azu, A'isha ko Isma'il a manhajarka, ko ka sa 'Yankwashi a gurbin ƙaramar hukuma. Idan ta faɗi, ga dalili. A harshen SQL, wannan ɗan waƙafin sama da muke rubuta hamza da shi shi ne alamar buɗe rubutu da rufe shi. Idan ka haɗa umarninka ta hanyar manna abin da mutum ya shigar kai tsaye, rumbun bayanai zai ga "Sa" ya ɗauka sunan ya ƙare, ya rasa yadda zai yi da "idu". Wasu sukan magance wannan ta hanyar goge hamzar ko hana shigar da ita. Wannan ɓata sunan mutane ne, kuma ƙofar da hamza ta bi tana nan a buɗe, ita ce dai ɓarayin bayanai ke bi su cusa nasu umarnin. Gyaran gaskiya shi ne ka rubuta umarnin da gurabe, ka miƙa ƙimomin daban. A SQLite da JDBC alamar tambaya ake sawa a gurbin, a SQL Server kuwa suna mai farawa da @. Kada ka bar ko umarni ɗaya da aka manna da hannu.

Sai haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Alamar da ka gani a allo ita za ta gaya maka inda ciwon yake. Idan alamar tambaya ta maye gurbin harafin, an bi da rubutun ta tsohon tsarin haruffan Windows mai lamba 1252, wanda babu waɗannan haruffa a cikinsa, kuma abin da aka adana a haka ya riga ya ɓace, sai an sake shigarwa. Idan ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ya kasance, bayanan suna nan lafiya, an rubuta su da UTF-8 aka karanta su da tsohon tsarin. Idan ɗan akwati ka gani, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da harafin, sai ka canja zuwa wanda yake da shi, irin su Charis ko Andika.

Rigakafin shi ne UTF-8 a ko'ina. A Python ka faɗi tsarin haruffa ƙarara duk lokacin da za ka buɗe fayil. Java sai daga fitowa ta 18, a 2022, ta mai da UTF-8 zaɓinta na asali, don haka a tsofaffi sai ka faɗa da kanka. A SQL Server yi amfani da NVARCHAR maimakon VARCHAR, a MySQL kuwa utf8mb4. Idan za ka fitar da CSV don a buɗe a Excel, zaɓi utf-8-sig, in ba haka ba Excel zai hargitsa haruffan. Alamar naira, ₦, ita ma ba ta cikin tsohon tsarin, kuma ƙananan firintocin rasit da yawa ba su san ta ba. Ko dai ka buga N, ko ka aika rasit ɗin a matsayin hoto.

Kada ka manta da akwatin bincike. Wani zai rubuta Haɗejia, wani Hadejia. Wani zai sa hamza miƙaƙƙiya, wani ya kwafo lanƙwasasshiya daga Word. Ka adana sunan yadda aka rubuta shi, sannan ka ware wani gurbi na bincike kawai, inda ka mai da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ka cire hamza. Da haka duk yadda aka nema za a samu.

Kuɗi da lambobi

Babu abin da ke zubar da mutuncin mai manhaja irin a rufe kasuwa lissafi ya ƙi daidaita. Buɗe Python ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Haka nau'in float da double suke a kowane harshe, domin kwamfuta ba ta iya riƙe irin waɗannan ɓangarori daidai wa daida. Ɗan bambancin yana taruwa har ya fito a jimillar wata. Ga kuɗi sai decimal a C# da Python, BigDecimal a Java, ko ka adana komai a matsayin kwabo ba tare da ɗigo ba.

Idan ka zaɓi kwabo, ka lura da girman mazubin. Nau'in int na yau da kullum iyakarsa 2,147,483,647. A kwabo wannan bai wuce naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai ba, abin da dillalin shinkafa zai iya wucewa a ciniki ɗaya lokacin kaka. A Java da C# idan aka haura iyakar ba a ma faɗa maka, lambar takan juye ta koma ƙasa da sifiri. Yi amfani da long. Masu aiki da VBA a Access ko Excel su kuma su sani Integer nasu a 32,767 yake tsayawa.

Lambar waya, NIN, BVN da lambar asusun banki duk rubutu ne, tunda babu mai tara su ko raba su. Idan ka adana lambar waya a matsayin adadi, sifirin farko zai ɓace, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. NIN da BVN masu lamba goma sha ɗaya kuwa sun fi ƙarfin int tun farko.

Kwanan wata

A Nijeriya rana muke fara rubutawa kafin wata, a Amurka wata ne a gaba, kuma kwamfutoci na hannu da yawa da saitin Amurka suke zuwa. 03/04/2025 a wurinka 3 ga Afrilu ne, a wurin kwamfutar mai shago 4 ga Maris. Alamar wannan ciwo ita ce manhaja ta yi shiru har 12 ga wata, ranar 13 ta faɗi, saboda babu wata na goma sha uku. Access ya fi haɗari: kwanan da aka sa tsakanin alamomin # yana karanta shi da tsarin Amurka, idan ranar ta wuce 12 kuma sai ya juya ta da kansa. Sakamakon shi ne kwanakin farkon wata sun karkace, na ƙarshe suna daidai, babu kuma saƙon kuskure ko ɗaya. A kantin magani, wannan na nufin ranar lalacewar magani ta canja. Ka adana kwanan wata a gurbin da aka tanadar masa, ko da tsarin shekara, wata, rana kamar 2025-04-03, kuma ka ba mai shigarwa kalanda ya zaɓa.

Akwai kuma ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon kwamfuta. Idan ya mutu, duk lokacin da aka kashe wuta agogo yakan koma shekarun baya, rasit ya fita da tsohuwar shekara. Sa manhajarka ta kwatanta kwanan yau da na cinikin ƙarshe a duk lokacin da aka buɗe ta. Idan yau ta zo kafin jiya, ta tsaya ta yi gargaɗi.

Ɗaukewar wuta

Ka rubuta manhajarka da sanin cewa za a ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ko janareta ya mutu, ko batirin sola ya ƙare. Sayar da buhu ɗaya matakai ne da yawa: a rage kaya, a rubuta kuɗi, a ƙara bashi idan bashi ne. Idan wuta ta tafi bayan mataki na farko, kaya sun ragu kuɗi bai shiga ba, kuma yaron shago za a zarga da abin da bai ci ba. Ka dunƙule matakan tsakanin BEGIN da COMMIT, ta yadda ko duka su shiga ko babu wanda zai shiga. An gina SQLite ne don ya jure irin wannan yankewa, shi ya sa ya dace da shago mai kwamfuta ɗaya.

Idan kwamfutoci biyu ko uku za su yi aiki tare, kada ka ajiye fayil ɗin Access ko na SQLite a folda ɗaya kowa yana jawowa ta waya. Yankewar hanya a lokacin rubutu tana lalata fayil ɗin, ga shi Access ba ya wuce gigabait 2. Ka koma PostgreSQL, MySQL ko SQL Server Express, dukkansu kyauta ne. Idan fayil na kanka kake adanawa, rubuta sabon da wani suna, sai ya kammala ka musanya shi da tsohon. Ka kuma sa kuɗin UPS cikin farashin aikin tun wurin ciniki, ka bayyana wa mai shago amfaninsa.

"A tawa tana aiki"

Wannan magana ba ta biyan mai shago. Dalilanta sanannu ne. Ka rubuta hanyar fayil da sunan foldarka a cikin kod, alhali babu ita a kwamfutarsa. Ko kana ƙoƙarin rubuta bayanai a cikin Program Files, wurin da Windows ke hana rubutu tun zamanin Vista, maimakon AppData ko ProgramData. Ko babu .NET ko Java da ka yi aiki da shi, ko kayan tallafin Visual C++. Idan saƙon ya ce ba a yi rajistar Microsoft.ACE.OLEDB ba, galibi saɓani ne tsakanin tsarin 32 da na 64: manhajarka tana ɗaya, injin Access da aka girka yana ɗayan.

Tun kafin ka rubuta layin farko, je ka ga kwamfutar da za ta ɗauki aikin. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025, amma har yanzu su ne a shaguna da yawa. Python daga 3.9 zuwa sama ba ya hawa Windows 7. Duba girman allon ma, kada maɓallin adanawa ya faɗa ƙasan inda ba a gani. Kafin miƙawa, girka manhajar a wata kwamfuta da ba a taɓa rubuta kod a kanta ba.

Daskarewa da jan ƙafa

Idan taga ta yi fari-fari aka rubuta ba ta amsawa, yawanci ba mutuwa ta yi ba. Windows yakan sa wannan alama idan taga ta yi kamar daƙiƙa biyar ba ta saurare shi ba, saboda ka ɗora mata aiki mai nauyi a zaren da ke kula da allo. Mai shago kuwa zai kashe ta da ƙarfi a tsakiyar rubutu. Ka kai aiki mai nauyi wani zaren, da async da await a C#, ko SwingWorker a Java, ka nuna alamar ci gaba. Idan kuma manhaja ta fara da sauri ta koma jan ƙafa bayan wata shida, duba ko kana jawo duk bayanan rumbu a kowane buɗewa, da kuma ko ka sa fihirisa a guraben da ake yawan bincike da su. Ka gwada da layi dubu ɗari na bogi, domin layi goma ba ya nuna komai. Wani lokacin ma laifin na ƙarfen ne: ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin bazara ya sa injin ya rage gudu.

Abin da zai cece ka gobe

Sa manhajarka ta riƙa rubuta tarihin aikinta a wani fayil: lokaci, abin da aka danna, da cikakken saƙon kuskure. Kada ka taɓa kama kuskure ka haɗiye shi shiru. Da wannan fayil za ka iya gano matsalar da ta faru a Birniwa ko Kirikasamma kana zaune a Haɗejia. Ka yi amfani da Git ko kai kaɗai ne, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma zai nuna maka abin da ka canja tsakanin jiya da yau.

Kwafin ajiya kuwa manhajar ce za ta riƙa yin sa da kanta kullum, da kwanan wata a sunansa. Kwafin da ke cikin kwamfuta ɗaya da asali ba ajiya ba ne. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a kwarin Haɗejia sun san ruwa ba ya tambayar abin da ke cikin shago. Kwafi ɗaya ya riƙa kwana a wani gida ko a intanet, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Lokaci zuwa lokaci ka gwada dawo da bayanai daga kwafin, don ka tabbatar yana buɗuwa.

Idan abin ya gagare ka, tambaya ba gazawa ba ce. Ka kawo ɗan guntun kod mafi ƙanƙanta da ke nuna matsalar, da saƙon kuskuren yadda yake, da abin da ka riga ka gwada. Amma ko mutum za ka tambaya ko manhajar ƙirƙirarriyar basira, cire sunayen mutane, lambobin wayarsu da bayanan lafiyarsu tukuna. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka, kafin ita ma amana ce aka ba ka. Kuma kada ka manna amsar da ba ka fahimta ba, domin kai za a kira idan ta ɓaci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka miƙa kowane aiki, ware yini guda ka gwada waɗannan a kwamfutar mai shi: shigar da Sa'idu daga 'Yankwashi, rubuta suna mai ƙ da ɗ ka buga shi a rasit, sayar da kayan naira miliyan 30, sa kwanan wata 13, zare wayar wuta ana tsakiyar adanawa, sannan ka dawo da komai daga kwafin ajiya. Ka zaunar da yaron shagon ya yi ciniki goma kana kallo ba ka ce masa komai ba. Duk inda ya rikice, gyara wurin. Mai shago dukiyarsa ya ɗora a kan abin da ka rubuta, kuma a gari irin Haɗejia labarin aikinka zai riga ka isa shago na gaba. Allah Ya sa albarka a sana'a.